Sallar da Barkono Ya Ci

A Fakku in ka ce kana neman Jumare, sai an tambaye ka wanne, don sun yi yawa. Amma ka ce Jumare mai kare, ko yarinyar da ke tallan ƙuli za ta nuna maka gidan da baki ba tare da ta sauke tire ba. Saurayi ne dogo, siriri kamar karan dawa, yana da 'yan shanun da ubansa ya bari, da gonar gero a bayan gari, da uwa tsohuwa da kowa ke kira Dada. Sai kuma Barkono.

Barkono jan kare ne mai karyayyen kunne ɗaya. Jumare ya tsinto shi cikin kwalbati wata ranar kasuwar Kebbe, yana ɗan mitsitsi, ido ma bai gama buɗewa ba. Ya girma ya zama rabin makiyayi. Saniya ta nufi gonar mutane, kafin Jumare ya ɗaga sanda Barkono ya riga ya sha gabanta. Shekarar da ɓarayi suka zo kwance shanu, haushinsa ne ya tashi unguwa. Jumare ya san iyakarsa, kare ba ya shiga ɗaki, kaskonsa daban, in ya taɓa shi sai ya wanke hannu. Amma ban da wannan, hira yake yi da shi kamar da mutum. Ya ba shi labarin 'yan mata, ya ba shi labarin tsadar taki.

Atu, abokinsa ɗan kabu-kabu, ba ya gajiya da tsokana. "Wallai Jumare, kai dai a ɗaura maka aure da karenga kowa shi huta. Ni nika zama babban aboki."

"Ya fi ka hankali," in ji Jumare. "Shi bai taɓa kada tsohuwa cikin taɓo ba."

Bana babbar sallah ta zo a farkon damina, gero bai wuce idon sawu ba. Ranar sallah aka yi tareni kamar kullum, aka baje raguna a kan itace aka zagaye wuta da su, kitse na ɗiga cikin kwanonin da mata suka tara a ƙasa. Washegari aka shiga suya. Garin nan kaf ya koma ƙamshi, har kaji tafiya suke kamar sun ci gado. Da la'asar Dada ta gama nata, ta kwashe naman, kakide ya kwanta a gindin kasko, man nan da ke daskarewa fari in ya huce.

Jumare ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

"Dada, kowa ya ci sallah gidanga ban da mutum guda."

"Wane mutum?"

Ya nuna bakin zaure, inda Barkono ke kwance ya ɗora haɓa a kan ƙafa yana haɗiyar yawu.

"Allah shi shirye ka," in ji Dada. "Tun yaushe kare yaz zama mutum?" Amma ta tura masa kaskon da ƙafa.

Ka san abincin Barkono duk shekara? Ƙanzo. Ƙanzo da ruwan tsari, in an yi sa'a da guntun fura mai tsami. Rabonsa da maiƙo tun layyar bara, ita ma ƙashi ne kawai. Jumare ya ce bana kam sai ya rama masa. Ya kankare kakiden nan tas, ya haɗa da kitsen cikin da Dada ta ware, ya bi gidajen gwaggonninsa ya roƙo nasu ɗigaggen man tarenin, ya cika kaskon kare har yana zuba. Barkono ya dubi kaskon, ya dubi Jumare, kamar yana tambaya ko tarko ne.

"Ci abinka. Barka da sallah."

Ya ci. Ya ci har cikinsa ya yi tulu, ya lashe kaskon har ya fi wankin Dada fita. Atu na zaune a kan babur yana kallo, yana girgiza kai. "Wanga kare yau ya fi ni cin sallah. Ni da nika da surukai gari biyu."

Da safe Jumare ya fito kwance shanu, bai ji an yi masa tsalle a jiki ba. Ya leƙa bayan rumbu. Barkono na can, ga amai kashi-kashi a kewaye da shi, na farko fari da maiƙo, na baya rawaya mai kumfa. Ya miƙe ƙafafun gaba a ƙasa, ƙirjinsa ya taɓa ƙasa, gindi a sama, ya tsaya haka nan yana rawar jiki.

Atu ya shigo karɓar guntun nama, ya gan shi, ya fashe da dariya. "A'a! Yau kuma gaida surukai shika yi? Tashi, Barkono, mun amsa, yarinya taka ta."

Jumare bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kai hannu cikin karen, nan ƙasan haƙarƙari. Barkono ya saki wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya kawo cizo, ya tsaya haƙoransa a kan fatar hannun Jumare bai danna ba. Sannan ya janye kai ya ɓoye shi a gindin rumbu.

Kafin hantsi gidan ya cika. Ranar hutu ce, kowa ya ƙoshi, kowa likita ne. Aka dubi aman, aka dubi karen, aka yanke hukunci baki ɗaya: guba. An ba shi wani abu. In ba guba ba, mene ne zai kada ƙaton kare kamar wannan tsakanin jiya da yau, kare da ya kwana da ƙoshin da bai taɓa yin irinsa ba? Ba wanda ya kawo maganar kaskon jiya. Nama ai ba ya sa ciwo, ballantana na layya.

Maganin guba kuwa ba sai an je ko'ina ba. Manja. Akuya ta ci abin da bai kamata ba, manja. Tinkiya ta sha ruwan feshi, manja. Yaro ya kurɓi kalanzir, manja. Kowa ya tashi ya tarar ana yi, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya fara.

Atu ya naɗe hannuwansa da buhu don kada yawu ya taɓa shi, ya danne kafaɗun karen. Jumare ya gitta masa kara a baki, ya ɗaga kansa, ya kafa bakin kwalba. Barkono na shure-shure, idonsa a kan Jumare, manja na gangarowa ta gefen baki yana rina ƙasa.

Jumare na cewa, "Haƙuri, haƙuri. Don kai nika yi. Haɗiye."

Ba a jima ba karen ya dawo da manjan duka, ja wur, har da wani abu kore.

"Yauwa!" in ji mutane. "Ga gubar nan tana fita. A ƙara mai."

Aka ƙara. Wani dattijo ya ce kada a kuskura a ba shi ruwa, ruwa shi ke watsa guba cikin jini. Aka ɗauke kaskon ruwan. Da manjan gidan ya ƙare, Dada da bakinta ta ce a kawo ƙwaryar man shanunta, wanda ta daɗe tana tarawa, ta narka shi da kanta. Ita da ke cewa kare ba mutum ba ne. Tana miƙo kwanon tana cewa, "Maza tun da ɗuminai."

Da rana ta take, Barkono ya ja ciki daga bayan rumbu har gindin randa, inda ƙasa ke da laima, ya dinga lasar ƙasar. Jumare ya ɗauke shi ya mai da shi inuwa. Ya sake jan ciki. Ya sake mai da shi. A na ƙarshe ya ɗaure shi da igiyar maraƙi, ya juya masa baya don kada ya ga idon.

Sai kuma maganar wa ya yi. Wannan ma ba ta yi wuya ba. Ɗan'iya, maƙwabcinsu na bayan danga, dattijo mai zabi, ya taɓa cewa a gaban jama'a duk ranar da ya sake kama karen nan a kan ƙwan zabinsa, sai dai wani ba shi ba. Maganar tun rani, kowa ya manta. Yau kowa ya tuna.

Jumare ya same shi a ƙofar gida yana rabon nama ga jikoki. Tun yana yaro Baba yake ce masa. Yau ya bar Baban a gida.

"Ɗan'iya, mi kab ba karena?"

Dattijon ya ɗago. "Ni kaka kira hakanga, Jumare?"

"Kai nika kira. Kai kac ce sai ka ga bayanai. To ga shi can shina mutuwa, sai ka zuba ruwa ƙasa ka sha."

"Ni da nir riƙe ka ranar sunanka? A kan ƙwan zabo in ɗauki alhakin rai, cikin kwanakin sallah?"

"Allah shi isam mani."

Mutane suka shiga tsakani. Ɗan'iya ya juya ya shige gida. Da yamma sai ga shi ya shigo gidan da sallama, riƙe da kwalbar manja cike, ta matarsa, ko buɗe ta ba a yi ba. Ya ajiye a gaban Dada.

"Ga shi, a ƙara mai. In ni na, Allah ya gani."

Jumare ya kau da kai. Dada ta ce dattijo ba ya kawo abu da hannunsa a bar shi a ƙasa. Aka ɗura wa Barkono ita ma. Wannan karon ba sai da Atu ya danne shi ba, ba shi da ƙarfin shurawa.

Gari ya waye, kare bai mutu ba, bai kuma tashi ba. Idanun sun faɗa, farinsu ya koma kamar ruwan rawaya, hanci ya bushe ya tsage. Zawo ya biyo baya, da jini a ciki, ƙudaje sun samu wurin sallah. Jumare ya kira sunansa, kunnen nan mai lafiya ya ɗan motsa, shi ke nan.

Jumare ya haɗa shanunsa da na gwaggonsa don a tafi masa da su kiwo, ya nufi wurin Atu.

"Tada mashin. Kebbe za mu."

"Da wa?"

"Da shi."

Atu ya dubi sabuwar shaddarsa, ya dubi sama. "Jumare, ni na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki rago, na ɗauki gawa ma sau guda. Amma kare? In anka gan ni wa ka sake hawan mashin ɗina? Liman ma ni ka kai shi ɗaurin aure."

Jumare ya tsaya kawai, hannuwa a sake, idonsa ja.

"Kai, tir da hali," in ji Atu. "Bari in sauya riga. Kuma in yay yi mani amai a baya, kai da shi duk ƙasa za ku dawo."

Suka shimfiɗa buhu cikin kwandon tumatir, suka kwantar da Barkono, Jumare ya rungume kwandon a cinya. An yi ruwa kafin asuba, hanya ta zama kunu. Duk ramin da babur ya faɗa sai karen ya yi wani ɗan nishi, Jumare ya ji shi har cikin haƙoransa. "Sannu a hankali, Atu." "In na yi a hankali mu kafe, in na yi sauri ka ce na kashe maka ɗa. Zaɓi guda."

A Kebbe suka tsaya shagon mai maganin bisashe. 'Yan tasha suka zagaye su. "Mi ag ga kwandon?" Aka leƙa, aka ja da baya, aka kwashe da dariya. Wani ya ce a kai shi babban asibiti a ba shi gado. Wani ya ce Allah shi ba maras lafiya sauƙi, a gaida iyalinai. Atu, wanda ba a taɓa cinsa da baki ba, ya buɗe baki zai rama, ya dubi fuskar Jumare, ya rufe.

Mai shagon ya leƙa daga nesa, hannu a hanci. Ya ce shi gaskiya shanu ya sani da awaki, in maganin tsutsa suke so ga shi. In kuwa da gaske suke, su wuce Tambuwal su nemi Dakta Gazali, shi ke duba karnukan ma'aikata, har kyanwa an ce ana kai masa.

Tambuwal ba kusa ba ce ga mai ɗauke da kwando. Sau ɗaya babur ya zame suka zube a taɓo, Jumare ya faɗi ta baya don kwandon ya sauka a kan ƙirjinsa. Suka iso rana ta yi tsaka, ofis a rufe, hutun sallah. Da tambaya suka gano gidan likitan, da ɗan shagonsa a jikin katanga da bishiyar dogon yaro a gaba.

Dakta Gazali gajere ne mai furfura a gemu, ya fito da tsinken sakace a baki. Ya dubi samari biyu da suka yi wanka da laka, ya dubi kwandon. Bai yi dariya ba. Ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa, ya sa safar hannu, ya ce a sauke shi a inuwa.

Ya ja fatar wuyan karen ya saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tabarma. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi. Ya taɓa cikin a hankali da yatsu biyu, Barkono ya yi ƙara ba murya.

"Guba ta, likita," in ji Jumare. "Maƙwabcinmu yab ba shi."

"Ka ga lokacin da ya ba shi?"

"A'a."

"To bar maƙwabci tukuna. Kafin ya fara amai, me ya ci?"

"Ba abin da yac ci sai alheri. Sallah niy yi mai."

"Wace irin sallah?"

Jumare ya faɗa masa. Kakide, kitsen ciki, man tareni na gida uku, kasko cike. Yana faɗa yana ɗan jin daɗi, don a san ba da yunwa yake barin karensa ba.

"Yana yin wani tsayi haka, ƙirji a ƙasa, baya a sama?"

Atu ya zaro ido. "Wallai awa kana wurin! Har nic ce surukai shika gaisuwa."

"Ciwon ne ke sa su haka, suna neman inda cikin zai sarara." Likitan ya tsuguna sosai. "Ka saurare ni, samari. A cikin kare, da kyanwa, da ni da kai, akwai wata 'yar tsoka da ke kwance a jikin hanji, dab da tumbi. In kuna fiɗa kuna ganinta, fara-fara haka, ku ɗauka kitse ce. Mu fankiriyas muke ce mata. Aikinta ta zubo ruwan da ke narka abinci, musamman maiƙo. To karen da ya shekara a kan ƙanzo, ka tashi rana ɗaya ka cika shi da mai, sai ta rikice ta kumbura. Ruwan nan da ya kamata ya sauka hanji ya narka nama, sai ya tsaya ya fara narka ita kanta. Duk bayan layya sai an kawo mini irin wannan."

Jumare ya bi bakin likitan da kallo, kamar maganar da wani yare aka yi ta.

Atu ne ya yi saurin cike wurin. "To ai Allah ya sa mun yi dabara da wuri, likita. Tun safiyar farko munka ɗura mai manja. Ba mu yi wasa ba wallai. Da yaƙ ƙare anka narka man shanu, sannan anka ƙaro wani manjan. Ruwa ko ɗigo ba mu bari yash sha ba."

Likitan ya bar hannunsa a kan bayan karen. Tsinken da ke bakinsa ya daina motsi.

"Kamar yaya yawan man?"

Atu ya dubi Jumare, murmushinsa na sauka a hankali.

"Likita," in ji Jumare, muryarsa ta zama ƙarama. "Manjan bai yi mai komi ba ko? Ko da bai yi magani ba. Bai dai ƙara mai ba ko?"

"Ba zan rantse maka ba sai da gwajin jini, gwajin kuwa sai Sakkwato, wannan kuma ba zai kai Sakkwato ba. Amma tunda ka tambaye ni, mai ne ya kunna ciwon, duk kwalbar da ta biyo baya ƙari ce a kansa. Abin da jikinsa ke nema shi ne ruwa."

"Ya yi ta jan ciki wurin randa," in ji Jumare. "Ni niɗ ɗaure shi."

"Ba kai kaɗai ke yi ba. Kowa haka ya tarar."

"Da mun kawo shi tun jiya fa?"

"Wasu suna tashi. Rai na Allah ne. Riƙe mini ƙafar nan."

Ya aske gashin ƙafar gaba, ya nemi jijiya. Jijiyoyin duk sun kwanta. Ya soka, ya zare, ya koma ɗaya ƙafar, gumi na ɗiga daga gemunsa, sai da ƙyar jini ya leƙo. Ya rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ke jikin dogon yaro, ya yi masa allurar tsai da amai da ta rage zafi. Ya ce yanzu sai jira.

"In ba shi ruwa?"

"Ba zai riƙe ba. Jiƙa tsumma ka shafa masa a harshe."

Jumare ya yage bakin rawaninsa, ya tsoma a buta, ya kai bakin karen. Harshen ya fito a hankali, busasshe kamar fata, ya lashi tsumman. Ya sake lasa. Jumare ya jiƙa, ya kai, ya jiƙa, ya kai. Can sai bindin ya ɗaga ya bugi ƙasa sau ɗaya.

"Atu! Ka gani? Likita, ya kaɗa bindi!"

"Na gani," in ji Atu. "Wanga ai ɗan banza na, ba ya mutuwa. So shikai a sake yi mai wata sallar." Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya tashi ya koma wurin babur ya hau goge laka da ba ta gogewa.

Likitan ya shiga ya yi azahar, ya fito da kwanon nama ya ajiye musu. Ƙamshin suya ya bugi hancin Jumare, ya ture kwanon can gefe. Ya ci gaba da yi wa Barkono magana ƙasa-ƙasa. Ya ce masa in sun koma ba sauran igiya. Ya ce masa randar Dada gaba ɗaya tasa ce, ya shiga ciki ma in yana so. Ya ce masa jar saniyar nan ta kusa haihuwa, wa zai tsare maraƙin?

Ruwan ledar bai kai rabi ba numfashin ya canza. Ya zama guntu-guntu, sannan mai nisa tsakani, har Jumare ya riƙa riƙe nasa yana jiran na gaba. Ƙafafun baya suka miƙe, suka yi rawa kaɗan. Ya jira na gaba. Ya jira.

Ruwan dai na ta ɗiga a cikin roba. Likitan ya zo ya sa abin sauraro a ƙirjin, ya ɗan daɗe, sannan ya kai hannu ya murɗe robar.

"Sai haƙuri, samari."

Jumare ya gyaɗa kai. Tsumman na hannunsa har yanzu, yana ɗiga a kan gwiwarsa.

Likitan ya ce akwai juji a bayan unguwa inda ake yar da irin wannan, yara za su iya ja. Jumare ya ce a'a. Ya mai da shi cikin kwandon, ya gyara masa kai, ya rufe da buhu. Atu bai yi maganar fasinja ko liman ba, ya tada babur kawai.

Sun fita gari kaɗan Atu ya tsaya. "Jumare, ba mu kai shi gida hakanga. Rana ta yi zafi, hanya da nisa. Kuma mi za ka ce ma Dada? Mi za ka ce ma Baba Ɗan'iya?"

Jumare ya sauka. A gefen hanya wani manomi na noman firi shi kaɗai, tsoho da hular kaba. Jumare ya yi masa sallama, ya roƙi aron kalmen da yake noma da shi, da izinin ɗan wuri a bakin gona, can gindin sabara. Tsohon ya leƙa kwandon, ya dubi saurayin da ke son yi wa kare kabari, ya ga idonsa, ya miƙa masa kalmen.

Ƙasar da taushi, ruwan asuba ya ratsa ta. Jumare na sara, tsohon na tsaye ya dogara da gwiwa yana kallo.

"Babban kare. Na kiwo na?"

"Na kiwo na, Baba," in ji Atu.

"Mi yas same shi?"

Atu ya dubi kwandon. "Amai dai. Da zawo."

"Guba ta," in ji tsohon, ya girgiza kai. "Mutane ba su da tsoron Allah. Ku kuma yaran yanzu ba ku tambaya. Da kun yi sauri kun ɗura mai manja, da yanzu shina tsaye."

Kalmen ya tsaya a sama. Atu ya dubi Jumare, ya ɗauka zai yi magana. Sai kalmen ya sauka. Ya ci gaba da haƙa, ramin ya riga ya isa kare amma bai daina ba, yana sara yana zubar da ƙasa a kan ƙafafunsa, har tsohon ya gaji da tsayuwa ya tambayi Atu ko abokin nasa kurma ne.